Gogen Shohista a Oshin Safe

Kokand, farkon Satumba 1996

Zuwa ga uwar yarana, Saodat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya garin Samara, yaya 'yarmu mai jego Dildora da jaririnta, yaya surukinmu? Allah ya raya mana, ya sa mai jin ƙai ne. Mu nan lafiya lau. Mahaifina Ergash-ota yana nan da ƙarfinsa, musamman ƙarfin baki.

Albishirinki. Ilimi ya shigo gidanmu, kuma bai shigo a ɓoye ba, maƙwabta duk sun shaida. Ni da na yi aji takwas na faɗa kasuwa, da can na ɗauka kiɗa shi ne mutum ya ɗauki goge ya yi waƙa jama'a su ji daɗi. Ashe jahilci ne ke damuna. Kiɗa na gaskiya, irin na masu takardar shaida, shi ne abin da ake yi kafin a fara kiɗa. Sunansa ɗumama hannu. Tun da aka ɗauki 'yarmu Shohista cikin ƙungiyar masu goge ta makarantarsu, malamarsu Alfiya Rashidovna take auna mata shi a cike, ba tauye mudu. Allah ya saka mata.

Bari in kwatanta miki, don kada ki ce an yi babu ke. Da farko ba a taɓa gogen ma. Yarinya za ta riƙe izga a tsaye, sandar nan mai gashin wutsiyar doki, yatsunta su hau ta daga gindi har kai, su sauko, kamar gizo-gizo na hawan bango. In an gama wannan sai ta rungume babban gogenta tsakanin gwiwoyi, ta ɗora izga a kan tsirkiya guda, hannun hagu yana hutu, ta ja daga wannan baki zuwa wancan. A hankali fa nake gaya miki. Shekaranjiya na ɗora shayi a wuta da ta fara ja, ya tafasa ba ta dawo ba. Daga nan sai tsirkiya ta biyu. Kin san huɗu ne. Bayan su sai abin da suke kira tsani, ta hau sauti ɗaya bayan ɗaya har sama, ta tsaya, ta sauko, kamar wanda ya hau rufin ɗaki ya manta abin da ya je ɗauka. Sai ta sake hawa ko za ta tuna.

Rannan na ce mata, “'Yar Baba, hannun ya ɗumama haka nan, har ya kusa ƙonewa. Yi mana waƙar da kuke koya.”

Ta gyara zama, ta buɗe takarda, ta ja wani sauti mai kauri, bum. Ta yi shiru tana motsa leɓe. Na ɗauka addu'a take yi, ashe lissafi ne. Can sai ta sake, bum, bum. Ta sake yin shiru. Da ta ɗago kai ta ce ta gama.

Na ce, “Ina waƙar?”

Ta ce, “Baba, waƙar tana hannun masu ƙananan goge. Mu manya ƙasa muke riƙe musu. Sai an haɗu duka za ka ji.”

To ni na ji, na kuma yarda, don na san rumfa ba ta tsayuwa sai da turaku, ko da yake ba wanda ke zuwa kasuwa kallon turaku. Amma ki je ki yi wa Ota wannan bayani.

Daren Juma'a muna cin abinci a dakalin tsakar gida, ƙarƙashin inabi, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Mirkomil, yarinyar nan yaushe za ta gama yanka itacen nan?”

Na ce, “Ota, ai ba yanka take yi ba, koyo take yi.”

Ya ce, “Ni na ji masu kiɗa a rayuwata. Mutum zai ɗauki abin kiɗansa, kafin shayi ya huce ya sa ka kuka. Wannan ma tana sa ni kuka, amma ba irin wancan ba.”

Daga nan ya yanke hukunci, kuma kin san yadda yake yankewa. Bayan bikin Davron, ɗan wajen yayana Kobil-aka, wato tsakiyar Oktoba, Shohista za ta daina zuwa makarantar kiɗa, ta riƙa zuwa gidan Goggo Mastura da yamma tana koyon ɗinkin hula. Ya ce hula ko an yi ta a karkace ba ta hana maƙwabci barci. Na roƙa, na lallaɓa, da ƙyar ya bar ƙofa ɗaya: in ya ji waƙa ta gaske da kunnensa kafin ranar, waƙar da mutum zai iya bi da bakinsa, to zai janye. Na yi murna na ce ai da sauƙi, sai mu kai shi zauren makaranta ranar da suke haɗuwa. Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a masallaci. Ya ce, “Ban taɓa zuwa wurin mai kiɗa ba. Mai kiɗa ke zuwa wurina.”

'Yarki ba ta yi kuka a gabansa ba, jininki ce. Ta kwashe kwanuka ta wanke. Daga baya na leƙa na same ta tana goga wa izga ƙaro, tana gogawa, tana gogawa, har ƙurar ta yi fari a kan siket ɗinta. Na ja ƙofar na koma. Na sha yi wa gogen nan dariya, kin sani, amma daren nan ban yi ba.

Kada ki tayar da hankalinki, jegon ba naki ba ne amma kin iya ɗaukar damuwar kowa. Mijinki ya taɓa sayar da zabibi mai tsami ga mutumin Samarkand, har ya dawo ya yi godiya. Zan san yadda zan yi.

Ki gaishe da Dildora da mijinta, ki sumbaci goshin yaron a madadina. Shohista na gaishe ki, Goggo Mastura ma, ta riga ta fara ware mata allura.

Naki har kullum,
Mirkomil

Kokand, ƙarshen Satumba 1996

Zuwa ga Saodat, hasken gidanmu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗin jin cewa yaron yana tsotso sosai kuma hancinsa irin namu ne, Allah ya ba shi haƙurin ɗauka. Yaya ƙafar taki? Ki riƙa sa safar ulun nan, kada ki bari sanyin Rasha ya shige ki. Na ga inda kika rubuta cewa kada in yi wani wayo. Wasiƙar ta makara, na riga na yi.

Ga dabarar. Ota ya ce mai kiɗa ke zuwa wurinsa. To za su zo, su duka. Ranar bikin Davron za a yi oshin safe, dafa-dukar shinkafa da nama ta biki, a tsakar gidan Kobil-aka, maza na unguwa da na kasuwa duk za su hallara bayan sallar asuba. A nan ƙungiyar su Shohista za ta yi kiɗa. Ota zai ji waƙar a gaban tsaransa, su yaba, shi kuma ba zai iya tsinke abin da dattawan unguwa suka yaba ba.

Kobil-aka ya fara da taurin kai. Ya ce, “Yara mata a wurin oshin maza? Kana so a yi da ni a shagon aski har bazara?”

Na ce, “Aka, yara ne, rabinsu ma maza. A dakalin baya za su zauna. Kuma ba ko sisi.”

Ya ce, “Ba ko sisi?”

Na ce, “Sai dai a ciyar da su.”

Ya shafa gemu, ya ce dama shi mutum ne mai son ci gaban matasa.

Saura Malama. Na zaɓi zabibi baƙi, irin wanda nake ɓoyewa ƙarƙashin tebur saboda manyan baƙi, na sa hular Juma'a, na tafi makarantar. Na tarar suna tsakiyar ɗumama hannu, na zauna a bakin ƙofa. Saodat, abin da muke ji a gida ɗanɗano ne. Yara ashirin da 'yan kai, ƙananan goge a gaba, matsakaita a tsakiya, su Shohista a gefe, can baya wani dogon yaro yana tsaye da uban gogen da ya fi shi tsawo. Dukansu tsirkiya guda, ja guda. Malama tana zagayawa kamar mai duba tumaki, nan ta ɗaga gwiwar hannun wannan, can ta danna kafaɗar wancan. “Ravshan, izgarka na gudu, wa ya biyo ka? Lola, kunnenki na gida ne? Saurari ta kusa da ke.” Sai su fara can ƙasa-ƙasa kamar sauro, su yi ta kumbura har gilashin taga ya ɗauka, su sake komawa sauro. Suka ajiye izga suka fizgi tsirkiya da yatsa. Suka hau tsani, rabi suka riga, rabi suka biyo baya. A ƙarshe ta ce kowa ya rufe ido, ba wanda zai ba da alama, su ja numfashi tare su fara tare. Sau uku wani yana riga, ana dariya. A na huɗu suka faɗo tare kamar mutum guda. Ba zan ɓoye miki ba, tsikar jikina ta ɗan tashi, amma ina zaton iskar ƙofa ce.

Da aka tashi na gabatar da kaina da zabibina. Ta karɓa, ta ji buƙatata, ta ce ta yarda, yaran suna bukatar su saba da idon jama'a. Na ce a raina yau ciniki ya zo da sauƙi. Sai na kawo ƙaramar maganar da ta rage.

Na ce, “Alfiya-opa, ke kin san oshin safe ba zaman hira ba ne. Mutum ya zauna, a ba shi shayi da gurasa, a kawo osh, ya ci, a shafa fatiha, kowa ya miƙe. Wanda ya tsaya ɗaure takalmi ma sai ya tarar an kwashe faranti. Saboda haka ranar nan a bar ɗumama hannu, a shiga waƙa kai tsaye.”

Ta ce, “A'a.”

Na ce, “To a yi shi a nan makaranta kafin a taho.”

Ta ce, “Da sanyin asubar Oktoba? Kafin mu iso tsirkiya ta saki, yatsu sun daskare. Inda za su yi kiɗa, nan za su ɗumama.”

Na ce, “A raba biyu. Ki bar mini gizo-gizon da tsanin, ki riƙe ja mai tsawo.”

Ta jefa zabibi a baki ta ce, “Mirkomil-aka, kai kana buɗe rumfa ka fara awo ba ka daidaita sikeli ba?”

Na ce, “Opa, akwai tambayoyin da ba a yi wa ɗan kasuwa a gaban yara.”

Ta yi dariya, amma ba ta rage ko ƙwaya ba. Sai na fito da makamin ƙarshe, wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Na miƙe, na gyara hula, na ce to shi ke nan, Allah bai yi ba, na nufi ƙofa a hankali ina jiran a kira ni. Na kai ƙofa. Na kai baranda. Na tsaya ina karanta sanarwar allurar rigakafi da ke manne a bango har na haddace ta. Ba wanda ya kira ni. Da na leƙo, tana zaune tana cin zabibina tana gyara wa wata yarinya tsirkiya. Na koma na ce na yarda. Ta ce ta sani.

A hanyar gida na goya gogen a baya, Shohista na tafe a gefena. Ta ce, “Baba, kada ka ji haushin Alfiya Rashidovna. In ba mu yi ba, kowa nasa yake ji. In mun yi, sai in ji kamar hannun Lola nawa ne.” Na ce mata hannun Lola ya zo ya taya ni ɗaukar wannan akwatin gawa. Ta yi dariya, karo na farko tun daren hukunci.

Yanzu lissafina ɗaya: su iso da wuri, su gama shafe-shafensu kafin jama'a su cika. Na yi magana da maƙwabcinmu Sobir mai motar kankana, zai kwaso su. Na kuma tanadi kujera mai matashi daidai gaban dakalin saboda Ota. Bai san komai ba. Ki taya mu da addu'a, kuma kada ki gaya wa Dildora, bakinta ya fi wayar tarho sauri.

Gaisuwa ga mutanen gidan duka.

Mijinki mai dabara,
Mirkomil

Kokand, ƙarshen Oktoba 1996

Zuwa ga Saodat,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa. Da fatan ke da Dildora da ɗan saurayinmu kuna lafiya, kuma dusar ƙanƙara ba ta fara rufe muku ƙofa ba. An yi biki lafiya, amarya ta tare, yarinya ce mai kunya da iya gaisuwa, kowa ya tambaye ki. Na san ba wannan kike jira ba, to zauna.

Motar Sobir ta ƙi tashi. Da ƙyar aka tura ta, yara suka iso a bayanta a takure, kowa rungume da gogensa, hanci ja, daidai lokacin da masu kakaki suka fara busa a ƙofar gida, mutane kuma suka fara fitowa daga masallaci. Tsirkiya duk ta saki kamar yadda matar nan ta faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta zauna ta karɓi goge ɗaya bayan ɗaya tana murɗa kunnuwansu, ba gaggawa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ni kuma an sa ni cikin masu miƙa faranti. Duk wucewar da zan yi ta gaban dakalin sai na rage murya.

“Opa, an cika.”

“Na gani. Izga sama, yara. Gizo-gizo.”

Maza ɗari da wani abu, da rigunan sanyi da huluna, suna karya gurasa suna kallon yara ashirin suna tafiya da yatsu a kan sanda, ba sauti ko ɗaya. Nurmat mahauci ya kama hannun rigata ya ce, “Mirkomil, waɗannan wani suke jira?”

Na ce, “Sabon salo ne daga Moscow. A can ma sai manya ke samun gani.”

Ya ce, “Allah sarki. Shi ya sa ƙasar ta rushe.”

Na dawo da faranti biyu. “Opa, an fara zuba osh.”

“Allah ya sa albarka. Tsirkiya ta biyu.”

Na sake dawowa. “Opa, don girman Allah, sun kai ga nama.”

“Ravshan, a hankali. Tsani, daga ƙasa.”

Kin san yadda mutanenmu ke cin osh da safe, ba magana, hannu na zuwa hannu na dawowa. Yara suna hawa tsani, faranti suna sauka. Wani tsoho daga unguwar masu tukwane, wanda kunnensa ya daɗe da yin ritaya, ya ce da ni bai taɓa jin kiɗan biki mai ladabi irin wannan ba. Yara suka rufe ido don su fara tare. A daidai nan liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, tsakar gida ta miƙe gaba ɗaya kamar tattabaru. Kafin yaran su buɗe ido, ba kowa sai teburori da ƙashi da kyanwar Kobil-aka.

Na juya in ga fuskar Ota, in san irin mutuwar da zan yi. Kujerar tana nan, matashin yana nan, ko lotsawa bai yi ba.

Saodat, na shirya mota, na shirya malama, na shirya Kobil-aka, na manta abin da kowane yaro mai wando a Kokand ya sani: mai gida ba ya zama a oshinsa. Ota shi ne babban gida. Tun kafin gari ya waye yana tsaye a ƙofar waje, shi da Kobil-aka da sauran dattawan dangi a jere, hannu a ƙirji, suna yi wa masu shigowa maraba, suna yi wa masu fita godiya, kakaki na busa musu a cikin kunne. Ni kaina na sha tsayuwar nan. Da Malama ta bi shawarata ta shiga waƙa kai tsaye, da an yi ta an gama, mahauta da masu tukwane sun ji, wanda aka yi dominsa yana titi yana cewa sannunku da zuwa.

Ina tsaye da farantin da ba kowa zai ci, sai ga shi ya shigo yana dafe da ƙugu, yana cewa ƙafafunsa ba nasa ba ne. Ya ga kujera mai matashi, bai tambayi ta wa ce ba, ya zauna. Usta Holmat mai dahuwa ya kawo wa masu gida na gindin tukunya, wanda ya fi mai. Mata suka fara leƙowa daga ciki da tsintsiya. Ota ya naɗe hannun riga, ya dunƙula loma, sai a lokacin ya ɗaga kai ya ga yara a gabansa, ya ga jikarsa da gogenta. Ya dube ni. Na dubi kyanwa.

Malama ta ɗaga hannu, yaran suka ja numfashi tare, suka shiga.

Tsohuwar waƙar nan ce da iyayenmu mata ke yi a gonar auduga in rana ta yi sanyi, kin san ta, marigayiya Inna tana yawan yin ta in tana tankaɗe. Ban san goge na iya yin ta ba. Ƙananan suka ɗauke ta sama, matsakaita suka bi su, ƙasa kuma wani abu mai kauri yana tafe a hankali yana ɗauke da su duka. Masu shara suka tsaya. Usta Holmat ya tsaya da ludayi a hannu. Lomar Ota ta tsaya tsakanin faranti da baki, mai na bin hannunsa har gwiwa, leɓensa na motsi.

Da suka gama ya kai lomar, ya tauna, ya haɗiye, ya goge hannu. Kin san shi, ba ya sayen abu bai juya shi ba.

Ya ce, “Waƙa na ji ta. Amma ta yaran gaba ce. Jikata bum-bum ɗin nan dai take yi, na gane shi.”

Shohista ta sunkuyar da kai. Ni na buɗe baki, Allah ya taimake mu Malama ta riga ni. Ta ce, “Gaskiya ne, Ota. Manyan goge, ku ajiye izga. Sauran, daga farko.”

Suka fara ba su Shohista. Waƙar dai ita ce, ba abin da ya ɓace, amma ta zama siririya, tana rawa a iska kamar wanki a igiya. Ba su yi nisa ba Ota ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya, tsaya. Wa ya kwashe?” Malama ta yi wa su Shohista alama da ido, suka shigo. Tsoho ya lumshe ido, ya jingina da matashina.

Da aka ƙare ya nuna farantin gabansa ya ce, “Holmat, osh ba mai, mene ne sunansa?”

Usta ya ce, “Abincin asibiti, Ota.”

Ya ce, “To yarinyar nan mai ce. Mastura ta nemi wata.”

Shohista ta ajiye gogen ta zo da gudu ta durƙusa ta kama hannunsa. Nan ne fa abin ya juya mini. Ya riƙe yatsunta ya ce, “Wannan hannu ne ko ƙanƙara?” Ya juya ga Malama ya tambaye ta a ina suke koyo. Ta ce a zauren makaranta, kuma bana ba su samu gawayi ba, da rigunan sanyi suke zama, shi ya sa ɗumama hannun ke ƙara tsawo. Ota ya ce wannan ba magana ba ce. Ya ce ɗakin baƙinmu yana nan a rufe ba abin da yake yi, ga murhu, ga darduma. Su riƙa zuwa kullum bayan makaranta har sanyi ya wuce. Mirkomil zai riƙa hura wuta kafin su iso.

Ɗakin baƙi, Saodat. Bango ɗaya da ɗakinmu. Daidai lokacin da nake dawowa daga kasuwa in ɗan miƙe bayana.

Sun fara tun makon jiya. Ota ya sa an kai masa kujera ciki, yana zama da carbi da butar shayi, kuma ya zama mataimakin Malama ba wanda ya naɗa shi. Jiya ina kwance na jiyo shi ta bango yana cewa, “Kai dogo, izgarka na gudu! A sake daga tsirkiya ta farko.” Da na ce masa ko za a ɗan taƙaita ɗumama hannun tunda yanzu akwai murhu, sai ya ce in ban san abu ba in yi shiru, wannan shi ne tushen aikin. Malama kuwa ta ga wuri, ta ce 'yan ajin farko ma suna jin sanyi, waɗanda ba su kai ga sanin inda tsirkiya take ba. Ya ce a kawo su. Na tambaye ta a asirce yaushe yaro ke gama makarantar nan. Ta ce shekara bakwai, kuma kowace kaka ana ɗaukar sababbi.

Shohista tana cin abinci kamar ɗan dako, tana waƙa a wurin wanke-wanke, ta ce in gaya miki an matsar da ita kujerar gaba a cikin manyan goge. Ota na gaishe ki, ya ce in kin tashi dawowa ki taho da ƙaro mai kyau na Rasha. Kobil-aka na gaishe ki, yana ta gaya wa mutane shi ya kawo shawarar. Ki gaishe da Dildora da mijinta, ki shafa kan yaron.

Naki, mai hura wuta,
Mirkomil

Na manta ban tambaye ki ba, ke da kika fi ni karatu: a cikin littattafan da kika karanta, kin taɓa cin karo da mutumin da aka yanke wa shekara bakwai saboda ya ci shari'arsa?